Mai Gadin Da Ba Ya Kwance Kaya: Yadda Hoton Farashin Albasa Ya Ɓace Wa Mutanen Binduri

Duk wanda ya ratsa ƙasar Binduri a tsakiyar rani zai ga abin da ke riƙe da gidaje da yawa a wannan yanki na arewa maso gabashin Gana, wato lambunan albasa kore shar a bakin kogin Bolta, alhali ko'ina ya bushe ƙarau. Binduri ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2012, bayan an cire ta daga Bawku, amma a harkar ciniki cibiyarsu ɗaya ce, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa Bakusashe da ɗan zango da baƙon da ya tsallako daga Burkina Faso ko Togo. Albasar da aka cire a nan ba a nan take ƙarewa ba. Ana ɗura ta a buhuna, a loda wa manyan motoci, su nufi Kumasi da Akra. Tun watan Yuli na 2021, lokacin da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie, babbar kasuwarsu a yankin Akra ta koma Adjen Kotoku. Muna roƙon mai karatu ya riƙe sunan nan, domin haruffa biyun farkonsa su ne suka kusa raba kawu da ɗan ƙanwarsa.

Ga yadda abin ya faru. Wasu 'yan uwanmu da ke noma da fataucin albasa sun gaji da yadda labarin farashi ke nutsewa a cikin tulin saƙonnin WhatsApp, tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna. Sai wani yaronsu mai karatu a Tamale ya gina musu ɗan ƙaramin shafi a intanet. Kowane mako wakilinsu a kowace kasuwa zai rubuta farashin buhu a takarda, ya ɗauki hotonta, yaron ya ɗora. Domin tsari, ya ware wa kowace kasuwa jakarta a cikin kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ya kuma taƙaita sunayen: ta Kumasi ya kira ta ks, ta Tamale tm, ta Adjen Kotoku kuwa ad.

Dattijon da ke shugabantar tafiyar yana zaune a Bawku, yana duba shafin da kwamfutar tafi-da-gidanka da ke gidansa. Hoton Kumasi ya fito, na Tamale ya fito, gurbin Adjen Kotoku fari fat. Mako na farko ya ɗauka mantuwa ce. Mako na biyu ya buga wa ɗan ƙanwarsa, wanda shi ne wakilinsu a can.

"Yaro, me ya hana ka aiko farashin?"

"Wallahi Kawu na aika tun ranar Litinin. Ga shi ma ina kallonsa a wayata yanzu haka."

"To ni ban gani ba, kuma idona bai mutu ba tukuna."

Mai karatu ya san abin da zuciya ke saƙawa a irin wannan hali. Kasuwar da ta fi kowace tsoka ita ce kaɗai ba a ganin farashinta, kuma wanda ke riƙe da ita shi ne mai karɓar kaya ya sayar ya aiko da kuɗi. Dattijon ya dakatar da lodi. Albasa kuwa ba gero ba ce da za a zuba a rumbu a manta. Kowace rana tana raguwa a nauyi, mai rauni a cikinta tana ɓata maƙwabciyarta. Da aka tuntuɓi wani ɗan uwa a Yendi, ya ce shi yana ganin hoton sarai a wayarsa. Wani a Salaga ya ce shi ma a kwamfutarsa babu. Maimakon wannan ya warware zargi, sai ya ƙara dagula shi, don an fara raɗe-raɗin cewa ana zaɓen waɗanda ake nuna wa.

Babu wanda ya ɓoye komai. Manhajar tsaron da ke kan kwamfutar dattijon, da makamanciyarta a kan ta mutumin Salaga, su ne suka ga jaka mai suna ad, suka yanke hukuncin cewa talla ce, suka tare ta a bakin ƙofa. Wayar mutumin Yendi ba ta da irin wannan mai gadi, shi ya sa ya gani.

Da me take gane talla?

Abin da ya kamata kowane gida ya fahimta shi ne, manhajar tare talla ba ta kallon hoto kamar yadda mutum ke kallo. Ba ta san bambancin takardar farashi da tallar caca ba. Kwatankwacinta shi ne mai tsaron mashiga a tsohuwar hanyar goro, wadda ayarin fatake ke bi daga Kano su ratsa Yendi su sauka Salaga: a ce an ba shi umarni ya tsare duk kayan da aka ɗaure kamar huhun goro, ba tare da an ba shi izinin kwancewa ba. Ranar da wani ya ɗaure littattafansa da irin wannan ɗauri, to sai ya kwana a mashiga. Kama da wane ba wane ba ne, amma mai gadin nan da kama kaɗai yake aiki.

Alama ta farko da yake dubawa ita ce suna. Shafin intanet ba dunƙule ɗaya yake zuwa ba. Rubutu ne ke fara isowa, ɗauke da adireshin kowane hoto, sa'an nan burauza ta je ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta ɗauko, manhajar tana gwada adireshin da wani dogon jerin ƙa'idoji. Idan ta ga kalmomin Ingilishi irin su ad, ads ko banner a matsayin sunan jaka ko a gaɓar sunan fayil, tana iya hana shi shigowa. Mafi shahara cikin irin waɗannan jeri shi ne EasyList, wanda Rick Petnel ya fara a 2005, kuma masu aikin sa kai suka ci gaba da kula da shi bayan rasuwarsa a 2009. Ƙa'idojinsa dubbai ne, kuma shi ne ginshiƙin Adblock Plus, da Wladimir Palant ya fito da ita a 2006, da uBlock Origin ta Raymond Hill. Akwai kuma jeri na musamman don wasu harsuna. Masu karanta ɓangaren Faransanci na wannan mujalla su lura da kyau: a bakin Faransawa pub talla ce, saboda haka ƙungiyar da ta taƙaita sunan jakar wallafe-wallafenta ta kira ta pub ta sa wa kanta rigar da mai gadi zai iya tuhuma.

Mu kuwa Hausawa kalmominmu masu farawa da waɗannan haruffa ba su ƙirguwa: addu'a, addini, adashi, adabi, ado, balle Adamu da Adama. Jerin zamani sun yi wayon da ba za su tare hoto don kawai sunansa adashi ba, tunda suna neman kalmar a tsaye ita kaɗai, a tsakanin alamomin rabewa. Hatsarin yana zuwa ne lokacin da muka taƙaita, kamar yadda yaron Tamale ya yi da kyakkyawar niyya. Irin wannan kuskure ya girmi yawancin matasanmu. A 1996 matattarar kamfanin AOL ta hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, saboda akwai haruffan wata kalmar batsa a tsakiyar sunan garinsu, har masana suka laƙaba wa wannan nau'in matsala sunan garin.

Alama ta biyu ita ce girma, kuma a nan ne abin ya fi ban takaici. Tallar farko mai siffar kyalle da ta yi suna ta bayyana a shafin HotWired a watan Oktoba na 1994, ta kamfanin AT&T. Ba a jima ba masu talla suka daidaita awo domin sauƙin ciniki: ɗigo 468 a kwance da 60 a tsaye, daga baya 728 da 90, da 300 da 250, da dogon nan na gefe mai 160 da 600. Da masu yaƙi da talla suka ga haka, sai suka ce to ai an sauƙaƙa mana. A farkon shekarun 2000 manhajoji irin su Norton Internet Security sun zo da sashen tare talla wanda masu gina shafuka suka sha kuka da shi, don yana share hotunan da ba su ji ba ba su gani ba, saboda suna ko saboda awo. Privoxy ma tana da matattara da ke aiki da awo kaɗai. A yau an rage dogaro da wannan hanya, amma har yanzu hoton da aka rubuta 300x250 ko 728x90 a cikin sunansa yana cikin haɗari. Makarantar da ta yi wa jadawalin jarrabawa hoto mai faɗi siriri ta ɗora a saman shafi, ta kuma kira shi banner, ta haɗa laifi biyu a idon mai gadi.

Ta uku ita ce asali. Idan hoton yana zaune a wata kwamfuta da aka sani da rarraba talla, ana tare duk abin da ya fito daga can, mai kyau da marar kyau. Ta huɗu kuma ta fi ɓuya: hoton ya iso lafiya, har an ci kuɗin data a kansa, amma gurbin da aka ajiye shi a cikin tsarin shafin yana da laƙabi mai kama da na talla, sai a lulluɓe shi.

Gyaran gangar Auzinawa

Mu koma Bawku. Da abin ya ishi dattijon, sai ya aika da kwamfutar wurin wani mai gyara. Mai gyaran ya gano inda matsalar take, mun yaba masa a kan wannan. Amma maganin da ya yi shi ne na a yar da ƙwallon mangwaro a huta da ƙuda: ya cire manhajar tsaron ɗungurungum. Hoton Adjen Kotoku ya dawo, zargi ya kau, kawu ya ji kunya ya kira yaro ya ba shi haƙuri, mota ta tashi. Sai dai kwamfutar nan ba ta dattijon kaɗai ba ce. Da ita jikoki ke aikin makaranta da dare. Cikin 'yan kwanaki shafuka suka cika da tallar caca da hotunan da ba a so yaro ya gani, har wata rana wani allo ya faɗo yana ihun cewa ƙwayar cuta ta kama kwamfutar, a danna nan a tsira. Yaro ya danna. Abin da aka biya wajen wanke ta ya fi na gyaran farko.

Ba don tsoratarwa muka kawo wannan ba. Talla a intanet ta daɗe da zama ƙofar da miyagu ke bi. A watan Satumba na 2009 shafin jaridar New York Times ya nuna wa masu karatunsa tallar bogi mai irin wannan gargaɗin ƙarya, kuma a watan Maris na 2016 an cusa tallace-tallace masu ɗauke da manhajar garkuwa da bayanai a manyan shafuka da dama, har da na BBC. A watan Disamba na 2022 hukumar FBI ta Amurka da kanta ta shawarci jama'a su riƙa amfani da manhajar tare talla lokacin bincike a intanet. Ga kuma batun aljihu: wanda ke sayen data da sidinsa a MTN ko Telecel, kowace tallar da ta sauko da kuɗinsa ta sauko. A ganinmu, mai gadin da ke kuskure sau ɗaya a wata ba korarsa ake yi ba, gabatar masa da mutanen gida ake yi.

Yadda ake bin sawu

Tambayar farko ita ce: duk hotuna ne suka ɓace, ko wasu? Idan duka ne, a kowane shafi, da wuya a ce mai tare talla ne. A duba ko an kashe hotuna a tsarin tsimin data, musamman ga masu Opera Mini, ko kuwa layin ne ya yi rauni. Mutanen Gana ba su manta da 14 ga Maris na 2024 ba, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, shafuka suka riƙa buɗewa rabi da rabi na kwanaki. A irin wannan rana babu abin da za a taɓa a kwamfuta ya yi magani.

Idan kuwa hoto ɗaya ne ko biyu, kuma kullum su ne dai, to a buɗe shafin da wata na'ura, zai fi kyau a kan layi ɗaya. Wannan gwaji ne da 'yan uwanmu suka yi ba da saninsu ba lokacin da suka tambayi Yendi da Salaga, sai dai sun karanta sakamakon a karkace. Abin da ya fito a wata na'ura bai fito a wata ba, laifin yana cikin na'urar, ba a wurin wanda ya aiko ba.

Daga nan sai a dakatar da mai tare tallar a kan wannan shafi kaɗai, a sake lodo shi. Kusan kowace manhaja tana da wannan dama. A uBlock Origin babban maɓalli ne shuɗi da ke bayyana idan an danna tambarinta. A Adblock Plus ma akwai makunnin da ke kashe ta ga shafin da ake kai. Idan hoton ya fito, an kama mai laifi. Wanda ke da ɗan sani zai iya tabbatarwa ta hanyar danna F12 a Chrome ya duba sashen saƙonnin kuskure. Idan ya ga an rubuta ERR_BLOCKED_BY_CLIENT kusa da adireshin hoton, ma'anarsa wani abu ne a cikin na'urarsa ya tare, ba shafin ne ya gaza ba. uBlock Origin tana da kundin da ke nuna ainihin ƙa'idar da ta yi aikin, kuma ana iya rubuta ƙa'idar togiya, wadda a tsarin Adblock Plus ke farawa da alamar @@, domin a bar wannan hoto ya wuce a ci gaba da tare sauran.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne idan an kashe manhajar amma hoton ya ƙi dawowa. Dalili kuwa, sau da yawa mai gadin ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka ƙara wa burauza. Akwai wanda aka gina a cikin burauzar kanta, kamar a Opera da Brave. Akwai wanda ke cikin babbar manhajar riga-kafi, kamar sashen Anti-Banner na Kaspersky, wanda ke da nasa jerin shafukan da aka yarda da su. Akwai kuma wanda ya fi su ɓuya a wayoyin Android: tun fitowar Android 9 a 2018 ana iya saka adireshin DNS na musamman a saitin waya, kuma samari da yawa suna saka na AdGuard ko makamancinsa don rage talla, su manta, ko su sayar da wayar a haka. Irin wannan ba ya ganin sunan fayil, gida sukutum yake rufewa, saboda haka alamarsa ita ce duk hotunan da ke zuwa daga wuri guda su ɓace tare. A kafe ko makaranta kuma, matattarar tana iya kasancewa a kan na'urar da ke raba layi, inda mai amfani ba shi da iko sai ya yi wa mai wurin magana. Ƙa'idar ita ce a kashe ɗaya, a gwada, a mayar da shi, sa'an nan a taɓa na gaba. Wanda ya kashe uku a lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ne ba.

Kada a raina sabuntawa. Masu kula da jerin nan suna karɓar ƙorafi, suna kuma gyara kuskure, don haka kwamfutar da ta yi wata shida ba a sabunta jerinta ba tana iya riƙe da ƙa'idar da aka daɗe da sokewa. A sani kuma cewa tun daga 2024 Chrome ya shiga daina karɓar cikakkiyar uBlock Origin saboda sabon tsarinsa na ƙare-ƙare, sai ƙaramar mai suna Lite, alhali Firefox ya ci gaba da karɓar ta; wanda ya ga maɓallan nasa sun bambanta da abin da muka kwatanta, wataƙila dalilin ke nan.

Gargaɗi ɗaya muke so iyaye su maimaita wa yara. Togiya ana yi wa shafin da aka sani ne: na makaranta, na banki, na ƙungiya, na hukuma. Shafin da ba a san asalinsa ba, wanda ya ce sai ka kashe riga-kafinka kafin ka ga hoto ko ka karɓi kyauta, wannan ɓarawo ne ke roƙon a ɗaure kare. Wanda aka damfara a Gana yana iya kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa ta lamba 292.

Nauyin mai shafi

Duk abin da muka faɗa a sama aikin mai kallo ne, kuma gaskiya ita ce yawancin masu kallo ba za su yi shi ba. Manomin da ya ga gurbi fari ba zai danna F12 ba. Zai ce ba a aiko ba. Saboda haka mafi yawan nauyin yana kan wanda ya gina shafin, ko na makarantar Islamiyya ne, ko na asibiti, ko na 'yan kasuwa. Ya guji sunayen da muka ambata, ya daina rubuta awo a cikin sunan hoto, ya kauce wa awon talla ko da da ɗigo kaɗan ne, kuma kafin ya sanar da jama'a ya duba shafin nasa da burauza mai ɗauke da manhajar tare talla. Mafi muhimmanci, abin da rayuwa ko dukiya ta rataya a kansa, kamar farashi, ranar jarrabawa, lokacin allurar yara, kada a bar shi a hoto kaɗai. A rubuta shi da haruffa a ƙarƙashi. Rubutu ya fi sauƙin data, yana isa inda layi ke da rauni, makaho ma na'urarsa tana iya karanta masa.

Yaron Tamale, da aka yi masa bayani, bai ɗauki minti biyar ba ya canza sunan jakar daga ad zuwa kotoku, ya kuma fara rubuta farashin kowace kasuwa da lambobi a ƙasan hotonta. An mayar wa kwamfutar Bawku da manhajarta. Mutumin Salaga, wanda bai taɓa komai a tasa ba, ya bugo washegari yana tambaya wa ya gyara masa ita daga nesa.